Daga Dogon Daji Zuwa Barewa: Wace Kwaleji Mutanenmu Suka Fi So?

Wani dare muna hira a ɗakin kwananmu, sai gardama ta kaure a kan wace kwaleji ce ta fi farin jini a ƙasar Hausa. Kafin kowa ya buɗe baki, wani abokinmu Bazazzagi ya ce ai wannan ba abin musu ba ne, Barewa ce. Ya shiga lissafi da yatsu: Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Gowon, Murtala, Shagari, 'Yar'aduwa. Ni dai na yi shiru, don ba ni da abin da zan kare kaina. Da na je hutu gida Tambuwal, na kai maganar gaban mahaifina, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe. Ya ce, "Farin jini wurin wa? Wurin yaron da ke ciki, ko uban da ya kai shi, ko kuwa tsohon da ya bar ta shekara arba'in?" Wannan tambaya ita ta sa na koma bin tarihi.

Abin da na fara ganewa shi ne, a farkon al'amari babu makarantar boko da iyaye suke so a ƙasar Sakkwato. Mutanen da suka gaji karatun Shehu da Abdullahi da Bello ba su ga abin da Nasara zai koya wa 'ya'yansu ba, sai dai abin da zai raba su da shi. Saboda haka hakimai aka riƙa ɗora wa nauyin kawo yara, su fara da na gidajensu. Tsofaffi har yau suna ba da labarin yadda akan ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi wurin dangi, in an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun shigo gari.

Duk da haka, a nan kusa da mu, a elementaren Dogon Daji, cikin shekarun 1930, yara biyu suka zauna: Ibrahim Dasuki, ɗan hakimin garin, da Abubakar Mahmud Gumi. Daga nan suka wuce Midil ta Sakkwato, wadda yanzu ake kira Kwalejin Nagarta, inda kuma Shehu Shagari ya zo daga elementaren Yabo. A Midil hanya ta rabu. Dasuki da Shagari suka tafi Kwalejin Kaduna, Gumi kuwa ya nufi makarantar koyon shari'a ta Kano. Shi ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, Shagari ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, Dasuki ya zama Sarkin Musulmi a 1988.

Kwalejin Kadunan nan ita ce dai Barewar abokina. A Katsina aka kafa ta, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922 don horar da malamai, kuma can Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato. Aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, sunan Barewa kuwa sai a 1971 ta same shi. Watau yawancin manyan da ake lissafa mata ba su taɓa zama a makaranta mai suna Barewa ba! To, amma ƙaunar da suka yi mata gaskiya ce, kuma dalilinta ba ɓoyayye ba ne. 'Yan kaɗan ake tsamowa daga kowane lardi, Basakkwace da Babarbare da Banufe su kwana ɗaki ɗaya, su ci tukunya ɗaya, su buga fayis tare. Da suka fito, babu masu irin ilminsu sai su, aikin En'e da na Gwamnati duk ya faɗo hannunsu. Wanda makaranta ta yi wa haka, in bai so ta ba ai ya yi butulci. Sai dai wannan so ne na tsofaffin ɗalibai, kuma su ne masu bakin faɗa a ji. Talakan Tambuwal bai san ta ba sai a labari.

Kwalejin da iyaye suka so a ƙasarmu, in ji mahaifina, ita ce ta horon malamai. A nan ya gyara zama. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda ake ce wa UPE. Aka wayi gari ga azuzuwa, ga yara, babu malamai. Sai aka yawaita kwalejojin da ke ba da takardar Gireti Tu, aka kawo su kusa da mutane; mu tamu tana Dogon Daji, a kan hanyar Sakkwato. Yaron da ya gama firamare yakan yi shekara biyar a ciki. Ba kuɗin makaranta, ga abinci, ga ɗan alawus. Uba zai iya hawa mota ya dubo ɗansa ya komo ran nan. Abu mafi girma kuwa, in yaro ya gama, aiki na jiransa, kuma gida ake maido shi, ya koyar da ƙannensa, ya yi noma da damina, ana ce masa Malam. Barewa takan ɗauki ɗanka ta ba Kaduna ko Ikko. Kwalejin malamai kuwa aro take yi, ta maido maka da shi da albashi.

Kada a ce ƙaramar hanya ce. Aminu Waziri Tambuwal a Dogon Daji ya sami Gireti Tu a 1984, ya wuce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya karanta shari'a, ya zama Shugaban Majalisar Wakilai a 2011, da Gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023. Amma ni ba shi ne hujjata ba. Hujjata ita ce ɗimbin malaman da ba wanda ya san sunansu bayan iyakar gundumarsu, waɗanda suka koya wa yawancin iyayenmu baƙi da wasali.

Su ɗaliban fa, suna ciki sun so ta? Mahaifina ya yi dariya. Ya ce wa ke son gaya da miyar da ba ta ga nama ba, da tashin asuba, da mulkin manyan aji? Yaro ba ya son makarantar kwana sai ya bar ta. Haka na tabbata yake ko a Barewa.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta riga ta faɗa cewa nan gaba NCE ce za ta zama mafi ƙarancin takardar malami. Cikin shekarun 1990 aka yi ta janye Gireti Tu, kwalejoji da yawa aka mai da su sakandare. Ban ce ba a yi daidai ba wajen neman ƙarin ilmi ga malamai, amma na ga an kashe makarantar da talaka ya amince da ita, ba a ba shi wata mai kama da ita ba. Tsohon ginin Kwalejin Katsina yanzu gidan tarihi ne, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa kuwa sananniya ce a duk Nijeriya. Mahaifina da abokan karatunsa sai wajen ɗaurin aure ko ta'aziyya suke haɗuwa, su kira juna da sunayen tsokana na wancan zamani, su ƙirga waɗanda suka rasu.

Da na komo makaranta na kwashe duk wannan na faɗa wa Bazazzagin nan. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya tambaye ni shugabannin ƙasa nawa Dogon Daji ta yaye. Na ce masa ya fara gaya mini wa ya koya masa rubuta sunansa.