Daga bakin lamiɗo zuwa takardar sufurefe: wa ke ba da izinin zango a ƙasar Gider?

In ka taɓa koro shanu daga Mubi zuwa Mayo Ulo, ko ka ɗauko kaya daga Gider za ka Garwa dare ya riske ka a hanya, ka san tambayar da ke zuwa da faɗuwar rana: ina za a sauka? Daji ga shi nan shimfiɗe, amma ba ko'ina ake kafa turke ba. Wani wurin ka kwana lafiya, wani wurin asuba ta yi maka da tara, ko shanunka a hannun ma'aikatan gandun daji. To, yaya aka yi abin ya koma haka?

Ka fara cire wa ranka cewa a da daji ba shi da mai shi. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Yola a 1841, ƙasar Fombina ta kasu hannun lamiɓe, kowane da iyakarsa: Garwa, Rai Buba, Bibemi, Gider, Golombe da sauransu. Ƙarƙashin lamiɗo akwai lawan, ƙarƙashin lawan akwai jauro. Arɗon da ya iso da garke ba ya sauke kaya sai ya kai gaisuwa. Yakan bi ta hannun Sarkin Shanu, sarautar da har yau fadojin arewacin Kamaru ke kira da sunanta na Hausa, ya miƙa maraƙi ko bijimi, a nuna masa inda zai kafa ruga da mashayar da zai bi. Babu takarda, babu hatimi. Magana ce a gaban shaidu, kuma tana da ƙarfi muddin lamiɗon na kan gado.

Fatake ma haka. Ayarin Hausawa da ke gangarowa neman hauren giwa har Ngaundere da Banyo ba ya kwana inda ya ga dama. Madugu ya san zangunansa tun kafin a ɗaura wa jakai kaya: inda akwai ruwa, inda akwai ciyawa, inda mai gari ke karɓar kuɗi ya ba da tsaro. Ka ga ke nan izinin sauka abin saye ne tun fil azal, sai dai wanda ka biya shi ne ke da alhakin kare ka. In aka sace maka saniya a ƙasarsa, mutuncinsa aka taɓa.

Kada kuma mu yi wa zamanin ado fiye da kima. Mutanen duwatsu da ba su miƙa wuya ga Fulani ba suna da nasu iyakoki, kuma harin bayi ya sa wurare da yawa suka zama kufai. Wasu dazuzzukan da kakanni ke yabo da yalwar ciyawa, tsoro ne ya kore masu su.

Sai Turawa. A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa suka kama Garwa, ƙasa ɗaya ta koma biyu. A 1915 Garwa ta faɗa hannun sojan Ingila da Faransa, aka sake jan layi. Ƙuri'ar 1961 ta kai Mubi Najeriya, Gider tana Kamaru. Burtalin da kakanka ya bi bai motsa ba, iyaka ce ta zo ta ratsa shi.

Abin da ya fi canza maganar zango shi ne gandun daji. Faransawa suka keɓe dajin Binuwai a 1932, Buba Njidda da Faro a 1947. Bayan mulkin kai aka ɗaga Binuwai da Buba Njidda suka zama gandun ƙasa a 1968, Faro a 1980. Dubi girmansu: Binuwai hekta 180,000, Buba Njidda 220,000, Faro 330,000. Kewaye da su kuma aka yanka yankunan farauta ana ba masu kawo baƙin maharba haya. In ka haɗa duka, fiye da kashi 40 cikin ɗari na Jihar Arewa ke nan. Nan ne tarkon yake, ɗan'uwa. Gandun ƙasa kowa ya san sunansa, amma yankin farauta sau da yawa ba shinge, ba allo, ciyawarsa iri ɗaya da ta waje. Makiyayi kan shiga bai sani ba, wani kuma, mu faɗi gaskiya, ya sani sarai, yunwar shanu ce ta fi ƙarfin tsoronsa. Tun da mahara a kan dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda a farkon 2012, aka ƙara tsaro, kuma baƙon da aka gani da dare a wannan dajin ba a yi masa kyakkyawan zato.

Ƙasar Mayo Luti kanta ba ta da babban gandu irin waɗannan. Abin da ya cinye mata makiyaya gona ce. An kafa SODECOTON a 1974, auduga ta bazu, garmar shanu ta faɗaɗa gonaki. Fadamun da garke ke sauka da kaka suka koma na masakwa da albasa. Aka gama madatsar Lagdo a 1982, gwamnati ta yi ta ƙarfafa manoma daga arewa mai nisa su gangaro kwarin Binuwai, wato daidai wurin da shanun Gider da Figil ke zuwa cin rani. Kada ka ɗora wa manomin laifi kai tsaye, shi ma ƙarancin ƙasa ne ya taso shi. A da yana roƙonka ka kwana a gonarsa bayan girbi saboda taki, har ya ba ka dawa. Yanzu yana da nasa shanun noma, yana tara karansa da harawarsa, ko ya sayar maka.

To a doka fa? Dokar ƙasa ta 1974 ta ce duk filin da ba shi da takardar mallaka yana hannun hukuma. Dokar 1977 ta mai da sarakunan gargajiya mataimakan gwamnati. A 1978 aka fitar da dokar sasanta manoma da makiyaya, wadda ta kafa kwamiti a kowace gunduma ƙarƙashin sufurefe, da ma'aikatan gona da na dabbobi da sarki da wakilan ɓangarorin biyu. Wannan kwamiti ne ke da ikon raba inda za a noma da inda za a yi kiwo, da shata burtali. Saboda haka yardar jauro har yanzu wajibi ce don zaman lafiya, amma ita kaɗai ba ta kare ka in maganar ta kai ofis. Kuma ba jauro ko lamiɗon da ke da ikon ba ka izinin kwana cikin gandun ƙasa, ko nawa ka ba shi.

Ga wani abin da ke rikita mutanen iyaka. Takardar ƙetare da dabbobi da ECOWAS ta amince da ita a 1998 ta ƙasashen yamma ce, kuma Kamaru ba ta cikinsu. Tana cikin CEMAC tare da Cadi, masu nasu fasfo na dabbobi. In ka shigo daga Najeriya, nemi ma'aikacin dabbobi na garin farko, ka nuna shaidar rigakafi. Wanda ya ga bushiyar 1983 ba zai raina wannan takarda ba. A shekarar ne ma aka kafa LANAVET a Bokle kusa da Garwa don yin allurar.

Sannan zargina. Tun da masu tare hanya suka koma ɗauke 'ya'yan makiyaya don kuɗin fansa, rugar da ke can nesa ita kaɗai, wadda a da ake nema saboda ciyawa, ta zama abin gudu. Shi ya sa za ka ga mashekari yau a gefen gari, kusa da jandarma, ko da ciyawar wurin ba ta kai ba. Masu kai shanu kasuwar Adumri ko Pitowa ma sun fi son su kwana inda ake kwana, a biya ɗan abin da za a biya.

Kafin ka tashi bana, tura yaro gaba da babur. Ya ga jauro, ya ga ma'aikacin dabbobi, ya tambayi inda burtali ya bi da inda yankin farauta ya fara, don gonar da ba ta nan bara tana iya kasancewa nan yanzu. In ka biya kuɗi, karɓi rasit mai hatimi, ka ajiye shi tare da takardar rigakafin.