Jakar Iska ta Takata

Jakar iska ta Takata ita ce sanadin janye motoci don gyara mafi girma a tarihin Amurka. Kamfanin Takata na ƙasar Japan ne ya ƙera ta, kuma an saka ta a motocin Honda, Toyota, Nissan, Ford, BMW da wasunsu.

Matsalar tana cikin gwangwanin ƙarfen da ke hura jakar idan an yi karo. Takata ya zuba masa sinadarin ammonium nitrate, wanda zafi da laima ke lalatawa idan shekaru suka ja. Da zarar ya lalace, sai ya tashi da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓarɓashin ƙarfe ya soki direba a fuska ko wuya. Sama da mutum 20 sun rasa rayukansu ta haka a Amurka kaɗai, wasunsu ma a ɗan karon da bai kai ya kawo ba.

Honda ya fara janye motocinsa a 2008. Daga baya jakunkunan da abin ya shafa a Amurka suka kai kusan miliyan 67. A 2017 Takata ya amsa laifin zamba, ya amince zai biya dala biliyan 1, sannan ya durƙushe.

Motocin hannu da ake shigowa da su Najeriya da Nijar daga Amurka na iya zuwa da jakar da ba a canza ba, ga shi kuma ƙasashen zafi ne.