Gidan Llewelyn Davies, Tushen Labarin Peter Pan

Llewelyn Davies sunan wani gida ne na Landan mai 'ya'ya maza biyar, waɗanda marubuci J. M. Barrie, mutumin Sukotland, ya gina labarin Peter Pan a kan wasanninsu. Mahaifinsu Arthur lauya ne. Mahaifiyarsu Sylvia 'yar George du Maurier ce, mai zanen barkwanci. Yaran su ne George (1893), Jack (1894), Peter (1897), Michael (1900), sai auta Nico (1903).

Barrie ya fara ganin George da Jack a lambun Kensington, yana zagayawa da ƙaton karensa, su kuma suna hannun mai renonsu, Mary Hodgson. Wasu marubuta kan ce a 1898 ne, amma 1897 ta fi ƙarfi, domin a daren 31 ga Disamba na shekarar ya haɗu da Sylvia wurin wata liyafa, ya gane ita ce uwar yaran da ya riga ya saba da su. Peter a lokacin jariri ne. Sunansa aka ara, amma George ne ya fara sauraron labarin. A 1901 Barrie ya ɗauki hotunan manyan ukun suna wasan 'yan fashin teku a gidansa na hutu a Surrey, ya buga littafi kwafi biyu kacal. Arthur ya manta nasa a jirgin ƙasa, ɗayan yana Jami'ar Yale a Amurka. An fara nuna wasan kwaikwayon Peter Pan ranar 27 ga Disamba 1904.

Fim ɗin Finding Neverland na 2004 ya yi wa Arthur rashin adalci: ya nuna ya riga ya rasu kafin Barrie ya san gidan, ya kuma cire Nico gaba ɗaya. Gaskiyar ita ce Arthur ya rayu shekara goma yana kallon wani mutum yana shiga ran 'ya'yansa. Ciwon daji ya kama shi a muƙamuƙi, aka yi masa tiyata, Barrie ya taimaka da kuɗin jinya, ya rasu a Afrilu 1907. Sylvia ta bi shi a Agusta 1910, ita ma daji ne.

A kan wasiyyarta aka fi saɓani. Ta rubuta da hannunta cewa tana so Jenny, 'yar'uwar Mary Hodgson, ta zo su riƙe yaran tare. Da Barrie ya kwafe takardar don mahaifiyar Sylvia, sai Jenny ta koma Jimmy, sunan da ake kiransa da shi. Wasu sun ce da gangan ya yi, wasu sun ce rubutun mara lafiya ne ya rikita shi. Abin da masu zargin kan tsallake shi ne, Sylvia da kanta ta sa Barrie cikin waliyyan yaran, tare da mahaifiyarta, da ɗan'uwanta Guy, da Crompton ɗan'uwan Arthur. Ba wannan kalmar ce ta ba shi riƙo ba.

An kashe George a fagen yaƙi a Beljiyam a Maris 1915, yana da shekara 21. Michael, wanda Barrie ya fi shaƙuwa da shi, ya nutse a ruwa kusa da Oxford a Mayu 1921 tare da abokinsa Rupert Buxton. Masu bincike sun rubuta haɗari ne, ko da yake wasu na kusa da su sun yi shakka. Peter ya kafa kamfanin buga littattafai, ya tsani yadda jaridu ke liƙa masa sunan yaron labari, ya faɗa gaban jirgin ƙasa a tashar Sloane Square a Afrilu 1960.

Jack sojan ruwa ne, ya rasu a 1959. Nico ya kai 1980, kuma shi ya ba marubuci Andrew Birkin wasiƙun gidan, waɗanda Birkin ya gina littafinsa na 1979 a kansu.