Gyaran Ƙafafun Gaba na Tsohuwar Mota da Daidaita Tayoyi

An tanadi wannan shafi domin mai mota, da direba, da yaron mota, da kuma kwamitin gari mai kula da motar ɗaukar marasa lafiya.

A ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri cikin jihar Doso, yawancin motocin da ke jigilar mutane da kaya tsofaffi ne. Akwai Peugeot 504 da 505, akwai Toyota Hiace da Corolla. Ita 504 ta fara fitowa a Faransa a shekarar 1968. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Ke nan ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta kai shekara 20 ko kusa da haka.

Mai mota yakan kula da inji, domin in inji ya tsaya abinci ya tsaya. Ƙafafun gaba kuwa sai ya bar su, tun da mota tana tafiya. Amma in inji ya lalace mota tsayawa take yi, in ƙafar gaba ta kwance kuwa kifewa take yi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara ta haɗarin hanya. Gwargwadon yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara.

Me ya sa ƙafafun gaba suke saurin lalacewa a nan?

Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, da Kore Mairuwa, da Dogon Dutsi, ta wuce Birnin Ƙonni, kwalta ce. Amma motar kasuwa ba a kan kwalta kaɗai take tafiya ba. Tana shiga ƙauyukan Matankari, da Ɗankasari, da Sukukutan, da Geceme, da Dumega. Abubuwa huɗu ne suke cin ƙafafunta:

1. Gargada da ramuka. Kowane duka yana sauka ne a kan mahaɗan ƙarfe.
2. Rairayin Dallol Mawri da ƙura. In suka shiga cikin giris sai su riƙa goge ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa.
3. Ruwan damina. Ƙetare ƙorama yana wanke giris, ya bar tsatsa.
4. Lodi fiye da kima, musamman ranar kasuwa. Zafin bazara kuma yana busar da roba har ta tsattsage.

Sassan da ya kamata ka sani

Da yake ƙasar Arewa tana kan iyaka da Nijeriya, za ka ji makanikai suna kiran abu guda da suna biyu, ɗaya daga Faransanci, ɗaya daga Turanci. Ka riƙe duka biyun.

Sifirin: shi ne ke ɗaukar nauyin mota.

Amortisa ko shokazoba: gora ce ta ƙarfe mai mai a ciki. Ita ke hana mota yin ta tsalle, ta riƙe taya a kan ƙasa.

Rotil ko boljoyin: mahaɗi ne mai dunƙulen kai, kamar ƙashin kafaɗar mutum a cikin gurbinsa. Shi ke haɗa ƙafa da hannun ƙarfen da ke riƙe da ita. Wata ƴar roba tana rufe shi don ta tsare giris.

Sandar sitiyari ko tayarod: ita ke kai juyin sitiyari zuwa taya. A ƙarshenta ma akwai ƙaramin rotil.

Bushin: robobi ne masu kauri da ke tsakanin hannun ƙafa da jikin mota.

Boris: a kansa taya take juyawa.

Alamomin lalacewa

Mota ba ta ɓoye ciwonta. Ka lura da waɗannan:

1. Ƙara ƙwas-ƙwas daga ƙasa in ka hau gargada ko ka karya kwana.
2. Sitiyari yana wasa, ka juya shi kaɗan amma taya ba ta motsa ba.
3. Mota tana ja zuwa gefe guda a kan miƙaƙƙiyar hanya.
4. Gaban mota yana nutsewa sosai in ka taka birki.
5. Mai yana tsatsa daga jikin amortisa.
6. Gunji mai ƙaruwa da gudu, wanda sau da yawa daga boris ne.

Taya ma tana ba da labari. In gefe guda kaɗai ya cinye, na ciki ko na waje, tayoyin ba su daidaita ba. In gefe biyu suka cinye tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. In tsakiya ta cinye, iska ta yi yawa. In cin ya yi tudu da kwari kewaye da taya, ka zargi amortisa.

Yadda za ka duba da kanka

Ka ajiye mota a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Ka danna kusurwar gaba da ƙarfi ka saki. In ta taso ta tsaya, amortisa da sauranta. In ta yi ta lilo sau biyu ko uku, ta mutu.

Sa'an nan ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya da dutse. In ƙasar rairayi ce, ka sa katako mai faɗi a ƙarƙashin jak. Ka ɗaga ƙafa guda, ka tallafe motar da gungumen itace. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi wasa, rotil ne ko boris. Ka sake kama ta dama da hagu ka girgiza. In ta yi wasa, ka duba sandar sitiyari. Ka sa wani ya haska fitila ya ga inda motsin yake. Daga ƙarshe ka dubi robobin da ke rufe mahaɗai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: robar da ta yage ita ce ƙofar rairayi, kuma mahaɗin da rairayi ya shiga ba ya daɗewa.

Sayen kaya

Ana samun kayan mota a Dogon Dutsi da Doso, a manyan kasuwannin Yamai da Birnin Ƙonni, har zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Akwai sabo na ainihi, akwai sabo na jabu, akwai na gwanjo. Ka tafi da tsohon da aka cire domin ka gwada tsawo da kauri da irin zaren ƙusa.

Hannun ƙarfe ko sifirin na gwanjo yana iya yin aiki in bai lanƙwashe ba kuma bai tsage ba. Amma rotil, da bushin, da boris, ka sayi sababbi. Rotil mai kyau yana da tauri in ka juya kansa da hannu. In yana lilo da sauƙi, ya riga ya ci. Araha ba ta ado, kuma kuɗin rotil bai kai kuɗin taya guda ba.

In za ka sayi taya ta gwanjo, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a jikinta. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. Misali, 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya tana fashewa ko da zanenta bai goge ba.

Ƙa'idodin aiki a gareji

Ka tsaya a wurin lokacin aiki, ka tabbata an kiyaye waɗannan:

1. Amortisa da sifirin bibbiyu ake canza su, dama da hagu tare. In ɗaya sabo ɗaya tsoho, mota za ta riƙa karkata wajen birki.
2. Kada a daddake rotil da guduma don ya matse. Kada a yi masa walda. Kada a cusa masa guntun robar tub. Ƙarar za ta ɗauke na ɗan lokaci, amma ranar da kansa zai fita daga gurbi ba zai yi sallama ba.
3. Hannun ƙarfe ko sandar sitiyari da ta lanƙwashe, canza ta ake yi. Gasa ta da wuta don a miƙe ta yana raunana ƙarfen.
4. A motoci irin 504 da Corolla, sifirin yana kewaye da amortisa a matse. Da abin matse sifirin ake cire shi, ba da igiya ko waya ba. In ya kuɓuce yana iya kashe mutum.
5. Noti mai rami, a sa masa sabon fil ɗinsa mai tsaga biyu, ba tsohuwar waya ba.
6. Kusoshin bushin, sai an sauke mota ta tsaya a kan ƙafafunta sa'an nan a yi musu ɗaurin ƙarshe. In aka ɗaure su mota na rataye, robar za ta murɗe ta yage da wuri.

Daidaita tayoyi

Wannan shi ne aikin da ake kira paralelizim ko alaimen. Manufarsa ita ce tayoyin gaba su fuskanci hanya yadda masu ƙera motar suka tsara. A motoci masu jan baya irin 504, gaban tayoyin biyu yakan ɗan kusanci juna da milimita kaɗan. Kowace mota da nata awo, kuma yana cikin littafinta.

Kada ka raina milimita. Tayar ƙaramar mota tana da tsayin kimanin santimita 60. In awon ya kauce da milimita 3 kacal, daidai yake da a riƙa jan tayoyin ta gefe mita 5 a kowace kilomita. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kimanin kilomita 270 ne. Ke nan a tafiya guda an goga su ta gefe fiye da kilomita 1. Ta haka taya take ƙarewa da wuri, mai kuma yake ƙara tafiya.

Ga babbar ƙa'ida: a fara canza abin da ya lalace, sa'an nan a daidaita. In rotil ko bushin yana wasa, awon ba zai zauna ba, kuɗinka kuma ya tafi a banza. Haka nan duk lokacin da aka canza sandar sitiyari, ko rotil, ko hannun ƙafa, wajibi ne a sake daidaitawa. Ƙirga zaren ƙusa lokacin cire tsohuwar sanda yana taimakawa, amma bai isa ba.

Awon na'ura ya fi inganci. In ba ta kusa, ga awon da zai kai ka inda take:

1. A sa iska daidai a tayoyin duka, a sauke lodi, a miƙe sitiyari.
2. A tura mota gaba kaɗan a shimfiɗaɗɗen wuri.
3. A yi alama da alli a tsakiyar kowace taya ta baya, daidai tsayin cibiyar ƙafa. A auna tsakanin alamun biyu, a rubuta.
4. A tura mota gaba har alamun su dawo ta gaba a wannan tsayin. A sake aunawa, a rubuta.
5. Bambancin lambobin biyu shi ne awonka. In ya kauce, a kwance noti a juya sandunan sitiyari daidai wa daida, a ɗaure, a sake aunawa.

Wannan awo ba ya nuna karkatar taya ta sama ko lanƙwasar jikin mota. In mota ta taɓa faɗawa rami mai zurfi, ko ta ci gaba da ja gefe bayan gyara, ka kai ta wurin na'ura.

Bayan gyara

Ka gwada mota a hankali ba tare da fasinja ba. Bayan tafiyar farko ka sake duba notocin taya da na ƙafa. Ka riƙa duba iska kowane mako da safe kafin taya ta yi zafi. Ka duba ƙafafun gaba kafin damina da kuma bayanta. Ka sami ɗan littafi ka rubuta ranar gyara, da abin da aka canza, da kuɗin da aka kashe. In motar ta gari ce, a karanta littafin a taron kwamiti, a kuma riƙa ware kuɗin gyara daga abin da take samowa.

Ka tuna

Ƙara a ƙafar gaba gargaɗi ce, kada ka jira ta yi ƙarfi.
Rotil canza shi ake yi, ba a gyara shi.
Canji tukuna, sa'an nan daidaitawa.
Motar da za ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare, tun da rana ake duba ƙafafunta.

Allah ya kiyaye hanya.