Waken SAMPEA 20-T da Ƙwarin da Bai Shafa Ba

Tun da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da waken SAMPEA 20-T a Disambar 2019, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ake ta ja-in-ja a kansa. Aikin da aka yi shi dominsa sananne ne: an sanya masa ƙwayar halittar Cry1Ab don ya kare kansa daga tsutsar Maruca mai cin fure da kwanso, har feshi ya sauko daga shida ko takwas zuwa biyu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da ke yawo a bakin masu adawa da irin, cewa dafin da ke jikinsa shi ke haifar da sababbin ƙwari, kuma hujjarsu ita ce audugar Sin.

Hujjar tana da tushe, sai dai ina ganin an karanta ta a baibai. Gaskiya ne ƙwari masu tsotsa na dangin Miridae sun yi yawa a arewacin Sin bayan yaɗuwar audugar Bt, wadda ita ma aka sanya wa dafin kashe tsutsa, har suka tsallaka gonakin maƙwabta (Lu da abokan aikinsa, 2010). Amma dalilin da masu binciken suka bayar shi ne raguwar feshi. A da, maganin da ake zuba wa tsutsa yana haɗawa da su. Da aka rage shi, sai suka samu sarari. Dafin kansa sai an ci shi, ya narke a cikin tsutsa, ya manne wa bangon hanjinta ya huda shi. Ƙwaron da ke soka baki yana zuƙar ruwan tsiro, wannan dafi bai cika yi masa komai ba. Wanda ya kawo binciken 2010 kuma, adalci shi ne ya haɗa da na 2012 na waɗannan masana, wanda ya nuna ƙwari masu farautar 'yan'uwansu da gizo-gizo sun ƙaru a gonakin, darɓa kuma ta ragu.

Mai adawa zai ce, to ai duk tafiyar ɗaya ce: ko dafi ko rage feshi, manomi ne da asara. Wannan ita ce maganarsa mafi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Wake yana da maƙiya banda Maruca. Akwai ƙananan ƙwarin fure, Megalurothrips sjostedti, masu sa fure ya zube tun bai ɗaura ba. Akwai Clavigralla mai tsotsar kwanso: ka ɓare kwanson da ya taɓa, ka tarar da ƙwaya ta motse, ta yi tabo, ba ta shiga mudu. Feshi biyun da aka bari domin irin waɗannan ne, kuma manomin da aka ce wa sabon iri ba ya son magani sam, an cuce shi. Amma bambancin dalili yana da amfani. In dafi ne, sai a watsar da irin. In rage feshi ne, gyaran yana wajen sanin lokacin yin biyun nan, wato fitowar fure da ɗaurin kwanso.

A nan dole in taƙaita da'awata. Manomin Sin yana feshi mai yawa kafin Bt. Mafi yawan manoman Sakkwato kuwa suna shuka wake ne a tsakanin gero ko dawa, da yawansu ba su da kuɗin feshi takwas tun asali. Wanda bai taɓa yin takwas ba, ba shi da shida da zai rage. Saboda haka ina zaton haɗarin ya fi kusa da manyan gonakin wake zalla.

Sai ƙwaron rumbu, wanda irin bai hana ba. Mai ƙosai da ta sayi wake a Ƙofar Atiku, Sakkwato, ta ga ramuka a jikinsa, aikin wannan ƙwaro take gani. Maganin da ake barbaɗa wa buhu dominsa ne ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, alhali buhun PICS mai hana iska shiga yana kashe shi ba tare da magani ba.

Ina kira ga masana aikin gona na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su riƙa ƙidayar ƙwarin fure da na kwanso kowace damina, a gonakin sabon iri da na tsoho, su buga abin da suka samu.