Kashe Saitunan Sauƙaƙa Amfani da Kwamfuta Idan Sun Kunnu Bisa Kuskure

Saitunan sauƙaƙa amfani wasu tsare-tsare ne da ke zuwa a cikin kwamfuta tun daga kamfani, domin makafi, masu raunin gani, kurame, da waɗanda hannunsu ke rawa ko suke aiki da hannu ɗaya. A cikinsu akwai mai karanta rubutu da murya, akwai mai ƙara girman abin da ke kan allo, akwai masu sauya yadda maɓallai ke karɓar dannawa. A Windows na Faransanci, wanda shi aka fi samu a ofisoshin Nijar, an tara su ƙarƙashin sunan Options d'ergonomie, daga Windows 11 kuma aka koma ce musu Accessibilité. Kusan kowanne yana da gajeriyar hanyar kunnawa da maɓalli ɗaya ko biyu ko uku, don kada mai buƙata ya sai ya jira wani ya kunna masa. Wannan sauƙin ne yake sa su kunnu a hannun wanda bai neme su ba, sai ya ɗauka kwamfutar ta lalace ko ƙwayar cuta ta shige ta.

A wuri kamar Urafane, ƙaramar hukumar karkara da ke arewa da Tasawa cikin jihar Maraɗi, kusa da iyakar gundumar Mayahi, wannan kuskuren yana da tsada. Kwamfuta ba ta da yawa, kuma wadda ake da ita a ofishin magajin gari, a lekol ko a likita, hannuwa da dama ne ke bi ta kanta. Idan ta ƙi rubutu, aikin mutane da yawa ne ya tsaya, ga mai gyara sai an je Tasawa ko Maraɗi. Sau da yawa maganin da ake gaggawar yi shi ne a goge ta a sake ɗora Windows, alhali abin da ya faru bai wuce a gyara shi cikin minti ɗaya ba.

Asalinsu

Yawancin saitunan maɓallai sun samo asali ne daga cibiyar bincike ta Trace, wadda aka kafa a 1971 a Jami'ar Wisconsin da ke Madison a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Gregg Vanderheiden. Da farko ana ɗora su ne daban a kan kwamfuta, sai kamfanin Microsoft ya shigar da su cikin Windows 95. Madubin ƙara girma ya biyo baya a Windows 98, mai karantawa da murya a Windows 2000. Kamfanin Apple ya fito da nasa mai karantawa, VoiceOver, a 2005. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta sanya samun damar amfani da na'urorin sadarwa cikin haƙƙoƙin da ta lissafa.

Na maɓallai

Nan ne aka fi shan wahala, kuma akwai dalilin da ya keɓanci ƙasashe masu aiki da Faransanci. A allon maɓallai na AZERTY, lambobin layin sama ba sa fitowa sai an haɗa da maɓallin Maj, wato Shift. Mai shigar da ranakun haihuwa, lambobin waya ko makin ɗalibai yatsansa ba ya nisa da wannan maɓalli, kuma saituna biyu mafiya rikitarwa a jikinsa suke.

Na farko shi ne Touches rémanentes, wanda a Windows na Ingilishi ake kira Sticky Keys. An yi shi ne don wanda ba ya iya danna maɓallai biyu a lokaci guda: ya danna Maj ya saki, sannan ya danna harafin, kwamfutar ta ɗauka tare aka danna su. Yana kunnuwa idan aka taɓa Maj sau 5 a jere. Sai a ji wata ƴar ƙara, wani akwati ya fito yana tambaya, wanda bai karanta ba kuwa ya danna Oui don ya rabu da shi. Daga nan manyan baƙaƙe suna faɗowa inda ba a so, lamba tana fitowa a gurbin é ko ç, in an taɓa fayil ɗaya da linzami sai ya kwaso da dama. Alamarsa ƴan murabba'ai ne a ƙasan allo kusa da agogo. Ana kashe shi da sake taɓa Maj sau 5, ko a danna maɓallai biyu tare, kamar Maj da Ctrl.

Na biyu, Touches filtres ko Filter Keys, ya fi tsoratarwa, domin kama yake da mutuwar allon maɓallai gaba ɗaya. Yana kunnuwa idan aka riƙe Maj na dama tsawon daƙiƙa 8, abin da ke faruwa idan mutum ya ɗora yatsa yana duba takarda, ko littafi ya danne gefen allon. A lokacin hunturu ma ƙura kan maƙale maɓallin a ƙasa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Aikinsa shi ne yin watsi da dannawar da ta yi gajarta ko ta maimaitu, saboda masu rawar hannu. Idan yana aiki, harafi ba ya fitowa sai an ɗan riƙe shi, kuma in an saita shi kan hana maimaici, mai rubuta Hausa zai ga "sannu" ta koma "sanu", "kullum" ta koma "kulum". A wurin shigar da kalmar sirri abin ya fi muni, tunda ba a ganin haruffan da suka ɓace, sai dai kwamfutar ta yi ta ƙin buɗewa. Alamarsa ɗan agogon gudu ne a ƙasan allo. Sake riƙe Maj na dama daƙiƙa 8 yana kashe shi.

Akwai Touches souris, wanda ke mayar da lambobin gefen dama linzami: 8 ta yi sama, 2 ta yi ƙasa, 4 hagu, 6 dama, 5 kuma ta danna. Duk akawun da ya ga kibiya tana yawo maimakon lamba ta fito, wannan ne. Alt na hagu da Maj na hagu da Verr Num, a danna tare, su ke kunna shi su ke kashe shi. Touches bascules kuwa ƙara kawai yake yi idan an taɓa maɓallin manyan baƙaƙe, kuma riƙe Verr Num daƙiƙa 5 ne hanyarsa.

Wani abu da ake yawan haɗawa da waɗannan alhali ba ya cikinsu: a danna A sai Q ta fito. Wannan sauyin harshen rubutu ne tsakanin AZERTY da QWERTY, kuma ya zama ruwan dare a inda kwamfutocin hannu da suka shigo ta Kano ke haɗuwa da Windows na Faransanci. Alt da Maj, ko maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara, su ke mayar da shi.

Na murya da na allo

Idan kwamfuta ta kama magana tana karanta duk abin da aka taɓa, da wani shuɗin akwati yana bin rubutu, Narrateur ne. Maɓallin Windows da Ctrl da Entrée suna kashe shi. A Windows 8 ba a haɗawa da Ctrl. Idan komai ya kumbura har allon yana bin linzami, Loupe ne, sai a danna Windows da Échap. Idan allon ya yi baƙi, rubutu ya koma fari da rawaya, Contraste élevé ne, kuma Alt na hagu da Maj na hagu da Impr écran suke mayar da shi. Idan launi ya ɗauke duka, komai ya zama toka-toka, galibi wani ne ya so danna Ctrl da C don kwafe rubutu ya haɗa da maɓallin Windows. A maimaita ukun.

Wayoyin Android irin su Tecno da itel, waɗanda sun fi kwamfuta yawa nesa ba kusa ba a karkarar Maraɗi, suna da nasu mai suna TalkBack. Idan ya kunnu, taɓawa ɗaya zaɓi ce kawai, sai an taɓa sau biyu abu yake buɗewa, kuma da yatsu biyu ake jan shafi. A yawancin wayoyi riƙe maɓallan ƙarar murya biyu tare na daƙiƙa 3 yana kashe shi.

Hana su dawowa

Kashewa da gajeriyar hanya ba ta hana a sake faɗawa gobe. Maɓallin Windows da U suna buɗe shafin saitunan kai tsaye. A Windows 10 da 11 sai a shiga Clavier, inda kowane saiti yake da makunni biyu: ɗaya na saitin kansa, ɗaya na gajeriyar hanyarsa. Na biyun shi ne wanda ake mantawa. A Windows 7, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020 amma har yanzu yana kan tsofaffin na'urori, ana bi ta Panneau de configuration. Narrateur yana da zaɓi na daban na tashi tun kafin a shigar da kalmar sirri, shi ma a duba shi. Shawarar da wasu ke bayarwa ta a goge wani fayil na Windows mai suna sethc.exe ba ta da amfani, tana iya jawo ɓarnar da ta fi matsalar.

Kwamfutar mutum ɗaya, mai ita ya rufe abin da ya ga dama. Ta ofis ko ta makaranta hukuncinta daban ne. Makaho ba zai iya neman shafin saituna da ido ba. Maɓallan nan uku na Narrateur, Windows da Ctrl da Entrée, su ne hanyarsa ta sa na'urar ta yi masa magana. Wanda ya rasa hannu ɗaya kuwa da Maj sau 5 yake rubuta lamba a AZERTY. Abin da ya dace shi ne a buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa a kan kwamfutar, domin Windows yana adana waɗannan saituna ga kowane asusu daban, a bar gajeriyar hanyar Narrateur a buɗe, a bar akwatin gargaɗi da ƙararsa suna aiki. Kafin mai kula da na'ura ya kashe wani saiti da ya tarar a kunne, ya tambayi waɗanda ke aiki da ita ko akwai wanda ya kunna shi da gangan.