Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi: Yadda Shehu Usmanu Ya Gina Shugabanni a Kan Baiwarsu

Tun daga 2001, lokacin da Marcus Buckingham da Donald Clifton na kamfanin Gallup a Amurka suka fitar da littafinsu kan gano baiwa, salon horar da shugabanni ya sauya. Gwajin da Clifton ya tsara yana raba halayen ɗan Adam gida 34, ya fito wa mutum da biyar ɗin da suka fi ƙarfi a tare da shi. Hujjarsu mai sauƙi ce: shekarun da ake ɓatawa wajen toshe gazawar ma'aikaci sun fi amfani idan an zuba su a abin da ya riga ya iya. Peter Drucker ya rigaye su da wannan magana tun shekarun 1960.

Maganar gaskiya ce, amma gwajin yana barin mutum shi kaɗai da takardarsa. Baiwar shugabanci kuwa sai an sami babba mai ido ya gane ta, ya ambata ta a gaban jama'a, ya kuma ɗora wa mai ita aikin da ya dace. Tarihin Sakkwato ya nuna yadda ake yin haka, da kuma inda abin ke da haɗari.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da hannaye biyu da suka bambanta ƙwarai. Ƙanensa Malam Abdullahi masanin Larabci ne, mawaƙi, mafassarin Alƙur'ani, wanda ba ya sassauci a hukunci. Shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tafkin Kwatto a 1804, 'yan watanni bayan hijira zuwa Gudu. Ɗan Shehu kuwa, Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, saurayi ne a lokacin, amma ya iya sarrafa mutane, ya iya wasiƙa, ya san lokacin matsawa da lokacin lallashi. Yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, shi ne kuma ya kafa birnin Sakkwato a 1809.

Abin lura shi ne Shehu bai yi ƙoƙarin mayar da ɗayansu kamar ɗan'uwansa ba. A littafinsa Najmul Ikhwan ya umarci almajirai su karanta rubuce-rubucen Abdullahi saboda kulawarsa da zahirin shari'a, su karanta na Bello saboda kulawarsa da sha'anin mulki. Wannan shaida ce a rubuce, daga bakin malaminsu duka biyun, wadda ta gaya wa jama'a ƙofar da za su ƙwanƙwasa idan wata matsala ta taso. A 1812 ya raba musu kula da daular, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, shi kuma ya koma ga abin da ya fi ƙwarewa a kai, wato karantarwa da wallafa. Ba ƙaramin sanin kai ba ne mutumin da aka yi wa mubaya'a ya gane cewa harkar mulki ta yau da kullum akwai waɗanda suka fi shi iya ta.

Abin da ya biyo baya ya gaskata zaɓin. Bello ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina littafin Usulus Siyasa kan ƙa'idojin mulki, ya kafa ribaɗi irin na Wurno don tsaron iyaka da zaunar da makiyaya. Abdullahi ya bar wa duniya tafsirin Liya'ut Ta'awil, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai.

'Yar Shehu, Nana Asma'u, ita ma haka ce. An haife ta a 1793, ta taso tana waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa. A zamanin yayanta Bello aka ba wannan baiwa fili, ta tsara 'Yan Taru: ta naɗa jajoji, ta ba kowacce malfa, su kuma suna kai karatu ƙauyuka cikin waƙoƙin da mata ke iya haddacewa. Mijinta, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne mai hulɗa da sarakunan gabas da baƙi. Shi ya kula da Baturen nan matafiyi Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824.

Akwai suka mai nauyi a kan wannan salo, wadda Robert Kaplan da Robert Kaiser suka yi a 2009: baiwar da aka yi ta ƙarfafawa ba linzami tana iya komawa aibu. Tarihin Abdullahi ya nuna yadda abin yake. Tsantseninsa ya sa wajen 1807 ya ga son duniya ya shiga zukatan mayaƙa, ya bar rundunar ya nufi Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Halin da ya sa shi zama ma'aunin gaskiya ga jama'a shi ne ya kusa raba jama'ar da shi. Abin da ya ceci lamarin shi ne akwai Bello a gefe, mai jure zama da mutane a yadda suke. Shi ma Bello yana bukatar wanda zai riƙa tuna masa iyakar shari'a idan maslaha ta ja shi.

A nan ne ma'aikatunmu na yau ke tuntuɓe. Malamin da ya fi kowa iya koyarwa, ladansa shi ne a cire shi daga aji a ba shi ofis. Likitan da hannunsa ya fi kyau a tiyata a mayar da shi mai sa hannu a takardun kuɗi. Ƙarin girma yana bin shekarun aiki, da wuya a tambayi abin da mutum ya iya, balle a nema masa mataimakin da zai cike giɓinsa.

Rabon Shehu bai hana saɓani ba. Da ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi ya iso ya tarar an rufe ƙofar Sakkwato, ya juya da ɓacin rai. Bayan 'yan shekaru tawayen Kalambaina ya tsananta a ɓangarensa, Bello ya kawo masa ɗauki da runduna, a nan kuma Abdullahi ya amince da shi a matsayin Sarkin Musulmi. Abdullahi ya ci gaba da karantarwa da rubutu a Gwandu har ƙarshen rayuwarsa, Bello kuma ya riƙe mulki shekara ashirin, ya rasu a Wurno a 1837.